Layin da Babu Shi

Litinin, da yamma

Yau na sa an canja mini allon kwamfuta a ofis. Na ce wa mai gyara akwai tabo a tsakiyarsa, kamar wani ya dangwala yatsa mai maiƙo. Ya goge, ya hura masa iska, ya sake gogewa, ya ce shi dai bai ga komai ba. Na ce ba gani aka ɗauke shi yi ba, ya je ya kawo wani. Ya kawo sabo fil a kwalinsa.

Tabon yana nan a sabon ma. Na ce masa madalla, ya yi kyau.

Talata, da magariba

Maƙwabciya za ta shigo hira gobe, shi ya sa Inna ta ce in sake gaya mata aikina don ta san abin da za ta yi alfahari da shi. Kullum sai na maimaita, kullum sai ta manta da gangan.

Na ce: Inna, muna da wani kumbo da ke zagaya jar duniyar nan, Mars. Ya daɗe a can har Tsoho muke ce masa. Yana ɗauke da rada, wato na'urar da ke jefa kira ƙasa ta saurari dawowarsa. A can ƙololuwar iskar duniyar akwai wani shimfiɗi da hasken rana ke cika shi da lantarki, mu a ofis rumfa muke ce masa. Tsoho yana sama da rumfar. Sai ya yi kira, daga kakkaurar murya zuwa siririya. Kakkaurar ta bugi rumfa ta dawo. Siririyar kuwa ta ratsa rumfar ta wuce, ta bugi ƙasa, sannan ta dawo. Daga jinkirin dawowarsu muke gane tsayin rumfar da kaurinta. Kowane kira yana iso mana a hoto mai layi biyu: layin rumfa, mai kauri da haske, da layin ƙasa, siriri, dishi-dishi. Kwamfuta ba ta iya raba layi da hayaniya, sai mutum ya sa ido ya bi shi da linzamin kwamfuta ya ja. Aikina ke nan.

Ta juya kofinta, sannan ta ce, "Duk karatun nan, 'yar nan, ashe ihu kuke yi a rijiya."

Na yi dariya har na ƙware.

Inna ba ta gani. Tana wajen shekaruna na yanzu abin ya fara mata. Tun ina budurwa ni ce idonta: ni ke karanta mata kwalin magani, ni ke kai ta asibiti a mota, ni ke gaya mata kalar zanen da ta ɗauko. A gidan nan daga ni sai ita.

Ban san me ya kawo wannan maganar ba.

Alhamis, lokacin hutun rana

Ranar gwaji. Kowane hoto mutum biyu ke jan layinsa, ni da Dogo, abokin aikina, wanda tebur ɗinsa ke bayan nawa tun shekarar da aka ɗauke mu. Ba na ganin nasa, ba ya ganin nawa, kuma doka ce mai ƙarfi: ba a maganar hoto a ofis sai Alhamis, don kada idon wani ya ja na wani. Shugaban sashenmu ya fi tsananta wannan doka a kan zuwa aiki da wuri. Ranar Alhamis sai a ɗora aikinmu a babban allon bango, nawa ja, na Dogo kore, a ga inda muka saɓa.

Yau ragowar na makon jiya aka duba, ya fita lafiya. A wurare biyu ma na kamo layin ƙasa inda Dogo ya rantse babu komai. Ya ɗaga hannu ya ce, "Na sallama, Yaya. Ba a banza ake ce miki Mai Ido ba."

Shi ya laƙaba mini sunan, don tsokana, tun da ya san idona na hagu malalaci ne tun ƙuruciya, inuwa kawai yake gani. Na daman ne ke yin komai.

Asabar, da safe

Tabon ya biyo ni gida.

Na dubi Inna tana shan shayi, sai na ga ɗankwalinta, na ga haɓarta, na ga kofin, amma tsakiyar fuskarta babu. Na kawar da kai zuwa taga, ya bi ni. Ƙarafan tagar da na san miƙaƙƙu ne sun lanƙwashe kamar an zauna a kansu. Na wanke fuska sau uku. Na ɗiga maganin gajiyar ido.

Gajiya ce. Wanda ke kallon allo daga safe zuwa yamma dole ya gaji.

Lahadi, da rana

Ba gajiya ba ce.

Litinin, bayan an tashi aiki

Layin rumfa bai ba ni wahala ba. Mai kauri ne, in na ɗan karkatar da kai ina kama shi ta gefen ido. Layin ƙasa ne matsalar. Da na dube shi sai tabon ya hau kansa ya zauna daram.

Na daɗe ina kallon hoton farko, hannuna a kan linzami. Can sai na ji hannun ya motsa da kansa. Ai ya san hanya. Tsayin Tsoho yana rubuce da manyan lambobi a saman allo, siffar rumfar tana gabana, kuma na ja layin nan sau dubbai. Na san inda yake farawa, na san yadda yake ɗan sunkuyawa kafin ya miƙe. Na ja shi. Na ja na biyu. Kafin a tashi na gama rabona tsaf.

Ba ƙarya ba ce. Layin yana nan, ni ce dai ban gan shi ba.

Laraba, da yamma

A mararrabar kusa da gidan mai, wani mai keke ya fito daga cikin babu. Wallahi titin fayau yake, sai ga mutum a gaban mota. Na taka birki har ƙirjina ya bugi sitiyari. Bai ji ciwo ba. Ya zage ni, ya haɗa da wanda ya koya mini tuƙi, ni kuwa da ba a taɓa zagina na yi shiru ba, yau sai haƙuri nake ba shi.

Na ajiye motar a gida na rufe ta da tamfol. Na ce wa Inna ta lalace.

Ta ce, "Motar?"

Na ce i.

Ta ce, "To. Da kika shigo da ita dai lafiya lau na ji kukanta."

Alhamis, lokacin hutun rana

Aka ɗora hotunan, ja ya hau kan kore kamar tare aka haife su. Shugaba ya ce, "Malama, hannunki sai ƙara kyau yake."

Na shiga banɗaki na kulle ƙofa. Ban san ko dariya na yi ko kuka ba. In haka ne ai zan iya shekara a haka ba wanda ya sani. Zan iya biyu ma. Kafin nan wataƙila tabon ya tafi yadda ya zo.

Asabar, da hantsi

Kwalin sabon maganin Inna. Na ɗauki hotonsa da waya na buɗa rubutun har kowane harafi ya kai girman ɗan yatsa, sannan na karanta ta gefen ido. Ta ce yau na daɗe. Na ce rubutun likitocin yanzu ne.

Na zuba mata shayi, rabi a kofi, rabi a tire. Ta ji ƙarar zubarsa, na ga ta ɗaga kai, sannan ta laluba kofinta ta ɗauka. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Akwai kalmar da take yawo a kaina tun makon jiya. Ba zan rubuta ta ba.

Lahadi, da yamma

In abin ya kai can, wa zai karanta mana kwalin magani? Mu biyu a gida ɗaya, kowa yana lalube. Ina tsoro. Na rubuta, na huta: ina tsoro ƙwarai.

Litinin, da rana

Na je asibitin ido da sassafe ba tare da na gaya wa kowa ba. Na karɓi kati na zauna a benci. Bencin nan na san shi, na sha zama a kansa da Inna, amma kullum a matsayin mai rakiya. Kusa da ni wata mata ce da baƙin tabarau, mijinta yana gaya mata, "Ga jakarki nan a dama, a'a, ƙara matsawa." Murya ƙasa-ƙasa, cikin haƙuri, irin muryar da nake yi wa Inna. Da ma'aikaciyar ta leƙo ta kira wadda ke gabana, sai kawai na ga kaina a bakin titi ina tsayar da tasi.

Na isa ofis an riga an gama taron safe. Shugaba ya dubi agogo. Ofishin wani iri yau, kowa yana ta murmushi yana kai da komo. Ban tambaya ba. Saƙonni sun taru a akwatina, ƙananan rubutu masu rawa, na ce sai na samu sarari. Na zauna na ja layukana.

Talata, bayan an tashi aiki

Dogo ya gama nasa tun kafin azahar, yana ta fito yana juyi a kujera. Mutumin da kullum ni ke riga shi. Ya leƙo ya ce, "Yaya, kin ga abin da nake gani kuwa? Tunda muke…"

Daga can Shugaba ya ce, "Dogo!"

Ya kama bakinsa da hannu yana dariya. Ni ma na yi murmushi kamar na gane. Me ya gani? Rumfar dai na lura ta ɗan yi wani iri, amma takan yi hakan. Na ja layin rumfa, na ja layin ƙasa, hoto bayan hoto, na ƙara kula sosai don kada hannuna ya kauce.

Laraba, da safe

Abinci ya ƙi shiga. Gobe Alhamis.

Alhamis, da yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Ɗakin gwaji ya cika, har da mutanen wasu sassa da ba su saba zuwa ba. Shugaba ya miƙe yana murza hannu, ya ce kamar yadda ya sanar a taron Litinin, rana ta yi aman wuta a ƙarshen mako, irin wanda ba a ga kamarsa ba tunda aka harba Tsoho, kuma ya doki jar duniyar kai tsaye. Ya ce in haka ta faru, iskar da ke ƙarƙashin rumfa takan cika da lantarki har ta haɗiye duk kiran da ya ratsa. Siririyar murya ta tafi, ba ta dawo ba. Kwana uku cur babu layin ƙasa ko ɗigo.

Ina jin maganar kamar daga wani ɗaki.

Aka ɗora hoton farko. Ta gefen ido na ga koren Dogo a kan rumfa, a wurin layin ƙasa kuwa bai ja komai ba. Sai jan layina, shi kaɗai, kwance a kan baƙin fili, da ɗan sunkuyonsa, da miƙewarsa, kyakkyawa. Wani ya yi 'yar dariya, ya ɗauka kuskure ne. Aka wuce na biyu. Yana nan. Na uku. Shugaba ya riƙa dannawa da sauri, hotuna suna wucewa, kowanne da layina a kan babu. Dariya ta ɗauke. Ana jin ƙarar fanka.

Shugaba ya ce baƙi su ba mu wuri. Da suka fita ya ce, "Malama, me kika ja a nan?"



Ya ce, "Ba kuskure ba ne wannan. Kuskure ba ya yin kyau haka. Tun yaushe kike jan abin da ba ki gani ba? Aikin da muka buga da hannunki a ciki, yanzu wanne zan yarda da shi?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce in tafi gida sai an neme ni. Yana da gaskiya, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai.

Ina haɗa jakata Dogo ya zo ya tsaya a gabana. Na ɗauka magana zai yi. Shiru, shiru, har na ƙosa na ce, "Lafiya ka tsaya mini a ka kamar sanda?"

Ya ce, "Yaya, tun ɗazu nake miƙo miki makullinki. Ga shi a saitin fuskarki."

Na karkata kai, sai ga makullin yana lilo a hannunsa.

Ya ce a hankali, "Na daman ne?"

Na fizge makullin na fita. Ya biyo ni har bakin titi, ya tsayar mini da tasi.

Juma'a, da hantsi

Na ce wa Inna hutu aka ba ni. Tana zaune a bakin gado tana ninke kaya. Ta ce in zo in zauna. Na zauna. Ta laluba ta kama fuskata da hannu biyu, ta ɗora babban yatsanta a kan idona na dama, daidai shi, ba ta ko yi kuskure ba.

Ta ce, "Yau kwana nawa?"

Na ce, "Inna, me?"

Ta ce, "Kada ki mai da ni sakarya, 'yar nan. Kin fara bin bango da yatsa in za ki shiga kicin, ina jin farcenki. Kin daina cewa zanena bai dace da riga ba. Takunki ma ya canja, kina ɗaga ƙafa kamar mai tsallake ruwa. Jira nake ki faɗa, kin ƙi."

Sai na fashe. Na gaya mata komai, da allon, da mai keke, da bencin asibiti, da jan layin. Na ɗauka za ta rarrashe ni. Ina! Ban taɓa jin ta cikin fushi irin na yau ba.

Ta ce, "Har kin je kin zauna, kika gudu? Ni da nake ɗinki, haka na yi. Hannuna ya san allura, na ce ba wanda zai gane. Na yi ta ɗinki da ka, har ranar da na haɗe wa wata mata bakin hannun riga ruf, ta dawo tana zagina. Kafin in yarda a kai ni asibiti ciwon ya riga ya cinye idon. Likita ya ce da na zo da wuri. Kin san shekara nawa nake kwana da wannan maganar? Duk abin da za ki gada a wurina sai wannan taurin kan?"

Na ce, "In aka ce irin naki ne fa? Wa zai kula da ke?"

Ta ce, "Ji mini yarinya. Da kike tafiya ihunki a rijiya tun safe har yamma, wa ke kula da ni?"

Ta ce Litinin za mu koma, kuma da ita za a je, ta riƙe mini zane ta ga ta inda zan gudu.

Lahadi, da yamma

Dogo ya kira. Wai ya kwashe kwana biyu yana bin tsofaffin hotunana, komai daidai yake har zuwa makon da aka canja mini allo. Ya gaya wa Shugaba dalili. Na ce wa ya aike shi. Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Yaya," yana dariya. Shugaba ya ce in je in ga likita tukuna, sauran magana sai na dawo. Bai ce kujerata tana jirana ba, bai kuma ce babu ita ba.

Gobe.

Talata, da safe

Jiya ban iya rubutu ba. Yau ma da manyan haruffa nake yi, layi uku sun cinye rabin shafi.

Ta riƙe mini zanen kuwa, a gaban mutane, har aka kira ni. Suka ɗiga mini wani magani mai buɗa ƙwayar ido, suka sa haɓata a kan na'ura, suka haska, suka ɗauki hoton cikin idon. Likitar ta juyo da allonta tana nuna mini wasu layuka, shimfiɗi a kan shimfiɗi, da wurin da suka kumbura. Na ce mata ba sai ta wahala ba, ba na ganin wurin da take nunawa.

Ta faɗi sunan ciwon. Ta ce abin da ya tafi ba lalle ya dawo ba. Abin da ya rage, akwai allurar da ake yi a cikin idon, a kai a kai, wataƙila ta tsayar da shi. Na ce wataƙila? Ta ce wataƙila. Inna ta ce, "Likita, ta makara?" Likitar ta ce, "Mama, ba ta zo da wuri ba. Amma ta zo." Jibi za a yi ta farko. Har yanzu ina tsoro, ba zan ce ba na yi ba.

Ba wanda ya gaya mini abin da maganin ɗigawar yake yi wa mutum a rana. Muna fitowa duniya ta zama fari fat, hawaye yana zuba, ko hannuna ba na gani. Mai gadin asibiti ne ya sa mu a tasi. Mai tasin kuma ya sauke mu a bakin lungunmu, wai an haƙa rami mota ba ta shiga, ya ja motarsa ya tafi. Na tsaya a tsakiyar farin nan, ido a runtse, ban san gabas ba ban san yamma ba. Abin da nake gudu tun makonni, ga shi ya same ni a bakin titi: mu biyu, ba mai gani.

Na ce, "Inna, bari in kira wani."

Ta ce, "Ki kira wa? Kama kafaɗata."

Na kama. Ban taɓa sanin kafaɗarta ta yi ƙanƙanta haka ba, kullum ita ke riƙe tawa. Ta fara tafiya tana buga silifas ɗinta da ƙarfi a ƙasa, fat, fat, ta ɗan tsaya, ta ci gaba.

Ta ce, "Daina jan numfashi kamar an biyo ki, ki saurara. Kin ji yadda takun yake dawowa kusa? Katangar makaranta ce a damanmu. Muddin kina jin ta, kina kan hanya."

Ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Muka wuce mai walda, muka wuce inda ake sayar da ruwa, tana gaishe su suna amsawa. Ta kauce wa ramin tun kafin in tuna da shi. Fat, fat. Can sai na ji ƙarar ta canja, ta tafi ba ta dawo ba, kamar an buɗe ƙofa a gefenmu.

Na ce, "Inna, katangar ta ƙare."

Ta tsaya cak. Ta ɗora hannunta a kan nawa da ke kafaɗarta, ta matse.

Ta ce, "To, sai mu yi hagu. Ɗaga ƙafa, akwai kwata."